Ƙasar da dutse ya fi katako araha: tafiyata Rajasthan

Tun motarmu ba ta shiga Kishangarh ba muka fara cin karo da tireloli, kowace ɗauke da curin dutse ɗaya tal da aka ɗaure da sarƙa, tana tafe tana nishi. Garin yana jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya, kimanin kilomita 100 daga Jaipur a kan hanyar Ajmer, kuma nan ce babbar kasuwar mabul ta ƙasar. Masu garin cewa suke yi babu irinta a duk Asiya. Wanda ya ga yadda rumfunan suka jeru hagu da dama, ana ta tafiya a mota ba su ƙare ba, ba zai tsaya yi musu gardama ba.

Ni ɗan kwangilar gini ne a Kano. Abin da ya fito da ni gidan wani Alhaji ne da ke hannuna, wanda ya ƙi tayil ƙememe. Shi dai mabul yake so, fari tas, irin wanda ya taka a filin ɗawafi da tsakar rana ƙafarsa ba ta ji zafi ba. Na sha jin wannan magana a bakin alhazai, kuma gaskiya ce. Daga tsibirin Thassos na ƙasar Girka aka kawo wancan mabul ɗin, tsananin farinsa ne ke mayar da hasken rana tun bai zama zafi ba, ga shi an yanka shi da kauri. Sai dai abin da ya yi rana a fili ba lallai ne a buƙace shi a falon da rana ba ta leƙawa ba. Na faɗa wa Alhaji haka, ya ce, "Injiniya, kai dai je ka gano mana." Na bi jirgin Habasha daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can Delhi, sannan jirgin ƙasa zuwa Jaipur. Watan Afrilu ne, zafinsu da namu na bazara ba wanda zai yi wa wani gori.

Dillalin da aka haɗa ni da shi wani saurayi ne mai saurin baki da saurin ƙafa. Rumfar farko da ya kai ni na tambayi daga wane gari na Indiya aka haƙo wani falle mai jijiyoyi ruwan toka da ya ɗauke mini ido, sai ya yi dariya ya ce daga Italiya. Ashe yawancin abin da masu kuɗi ke zuwa saya a Kishangarh ba dutsen Indiya ba ne. Curi-curi ake sauke shi daga Italiya da Turkiyya a tashar jiragen ruwa ta Mundra da ke jihar Gujarat, a ɗoro shi a tirela zuwa nan, a yanka, a goge, a sayar da shi da sunansa na asali, Statuario ko Botticino. Abin da garin ke taƙama da shi injin ne da hannun ma'aikata.

Na tsaya na kalli injin yankan. Wani ƙaton firam ne na ƙarfe mai gomman wuƙaƙe a jere, kowace da haƙoran daimon, suna kai da komo a kan curin, ruwa na kwarara musu ta sama babu ƙaƙƙautawa. Idonka ba zai ga suna sauka ba, sai ka je ka sha shayi ka dawo ka tarar sun nutse ɗan yatsa. Bayan sa'o'i curin ya koma fallaye masu kaurin santimita 2 ko ƙasa da haka, a sa musu lamba bi da bi, domin idan aka shimfiɗa na ɗaya kusa da na biyu jijiyoyinsu su haɗu su yi zane ɗaya. Ƙarar wurin kuwa, sai ka kai baki kunnen mutum kafin ya ji ka.

Ciniki a nan da ƙafa ake yinsa, ba da mita ba, kuma murabba'in mita ɗaya ya kusa murabba'in ƙafa 11, saboda haka wanda bai riƙe lissafinsa ba zai ji farashi ya yi masa daɗi a banza. Da ka tsaya gaban falle, yaron rumfa zai watsa masa ruwa, launi ya fito raɗau. Kyan da ke gabanka na ruwan ne. Zagaya baya. Da yawa daga cikin na Italiya za ka tarar an manna musu raga da gam a baya, don dutsen yana da taushi da tsaga, ba zai jure ɗauka da saukewa ba sai da tallafi. Ba laifi ba ne, haka ake yi ko'ina, amma ya kamata mai saye ya san abin da ya saya. Sannan ka ƙwanƙwasa da makullin mota. Lafiyayye yana amsawa da ƙara garau, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ka ji bib. Baƙin giranait ma akan shafa wa wani rini don ya ƙara baƙi, tsumma da ɗan sinadarin goge farce ke tona masa asiri.

Na sayi lemon tsami a bakin titi, na roƙi gutsattsarin mabul da na giranait, na matsa wa kowanne na ajiye. Kafin mu gama shan shayi wurin da ruwan lemon ya taɓa a jikin mabul ya dushe, sheƙin ya tafi, yatsa na jin kaushi. Giranait ko a jikinsa. Mabul dangin alli ne, duk abu mai tsami cin sa yake yi. Gidan da ake jiƙa tsamiya, a dafa zoɓo, a soya manja, kantar kicin ɗinsa ba ta mabul ba ce, ko nawa aka saye shi. Ga kuma turmi. Ko injin markaɗe nawa aka saya, wata rana sai Hajiya ta sa an daka mata daddawa, kuma falle mai santimita 2 da magini ya bar masa rami a ƙarƙashi ba zai ga daka na biyu ba.

Da yamma dillalin ya ce sai ya nuna mini abin alfaharin garinsu. Ruwan nan da ke wanke wuƙaƙe yana fita ne da garin dutse, fari kamar kunu, tankoki su kwashe shi su juye a wani makeken fili a bayan gari. Shekara da shekaru ana zubawa har ya zama tuddai farare fat, da tafkuna masu ruwa shuɗi a tsakaninsu. Yanzu wurin yawon buɗe ido ne. Na tarar da ango da amarya ana ɗaukarsu hoto, yara na gudu suna tayar da ƙura, iyaye na dariya. Babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya a duk faɗin wurin. Na rufe hancina da hankici, ban daɗe ba na ce mu tafi.

Makrana tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai ce arewa da Kishangarh. Daga ramukan garin nan aka haƙi farin dutsen Taj Mahal, wanda Sarki Shah Jahan ya fara ginawa a 1632, aka riƙa jan sa kusan kilomita 400 zuwa Agra tun babu mota babu jirgi. A 2019 ƙungiyar masana duwatsu ta duniya ta sa shi cikin jerin duwatsun gini masu tarihi. Har gobe haƙa ake yi. Ramukan matsattsu ne masu zurfin gaske, kowane da ƙugiyarsa a baki tana zaro curi, in ka leƙa sai ka ƙura ido kafin ka rarrabe mutum da inuwa.

Musulmi suna da yawa a garin, a nan na samu nama bayan na gaji da wake da ganye, a nan kuma na ga mabul ɗin da ya fi burge ni a duk tafiyar. A daɓen wani tsohon masallacin unguwa ne. Ba ya ɗaukar ido, ba za ka ga fuskarka a cikinsa ba, ƙafafun masallata ne suka goge shi har ya yi sumul, bakin ƙofa ma ya ɗan lotsa. Wani dattijo mai sassaƙa da muka fito salla tare ya ce mini, "Ɗana, namu ba ya son gam, ba ya shan ruwa. In ya tsufa a sake goge shi ya dawo sabo." Suna da nau'o'i, Albeta da Dungri da sauransu, masu ratsin toka suna da dama-dama, amma farin da babu ɗigo a jikinsa yana gogayya da na Italiya a tsada, wani lokacin har ya wuce shi.

Daga Makrana na hau jirgin ƙasa zuwa Jodhpur. A hanya na lura da shingen gonaki. Ba itace ba ne, ba ƙarfe ba ne, dogayen fallayen dutse ne aka kakkafa a ƙasa aka ja musu waya. Ƙasa ce da bishiya ta yi ƙaranci, dutse kuwa duk inda ka tona.

Jodhpur gari ne na dutsen yashi, launinsa tsakanin ja-ja da ruwan ƙasa. Baƙi kan tafi ganuwar Mehrangarh da Rao Jodha ya kafa a 1459, da fadar Umaid Bhawan mai ɗakuna 347, wadda aka fara a 1929 don sama wa talakawa aikin yi a lokacin fari, aka gama a 1943. Na je na gani, sun isa a gani. Amma gidajen talakawa ne suka tsayar da ni. Firam ɗin ƙofa dutse ne, na taga dutse, kantar ajiye tukwane falle ne da aka soke a bango tun ana gini, matakalar bene ma haka, kowane taki an cusa kansa a bango an bar sauran a iska. Dakalin ƙofar gida dutse, murfin rijiyar tara ruwan sama dutse. Duk wanda gara ta taɓa cinye wa firam ɗin katako shekara biyu da tarewa zai gane dalilin da na tsaya ina shafa ƙofar mutane har mai gidan ya fito yana tambayar lafiya.

Rufin ma da dutse ake yi. Dogayen fallaye ne da suke kira patti, tsawonsu wajen mita 3, a jera su daga bango zuwa bango, a toshe tsakaninsu, a zuba ɓaraguzai da kwaɓin farar ƙasa a sama. Babu rodi, babu katakon tallafe kankare, babu jiran ya bushe. Tsawon fallen shi ke yanke faɗin ɗaki, daidai yadda tsawon azara ke yanke wa maginin soro hukunci a wurinmu. Mai son falo mai faɗi sai ya gitta ƙarfe a tsakiya ya ɗora fallaye ta kowane ɓangare.

Wani ɗan'uwan dillalina ya haɗa ni da wata mai zanen gine-gine, matashiya, ta kai ni wani gida da ta gama kwanan nan a sabuwar unguwa. Daga waje ba shi da hayaniya. Bango ne na dutsen garin, an bar fuskarsa da kaushin cizal, layukan a miƙe, babu ado ko ɗaya. Bangon yamma, inda rana ke duka daga azahar, kaurinsa ya kusa rabin mita: dutse a waje, sarari na iska a tsakiya, jan bulo a ciki da yaɓen farar ƙasa. Tagogin gilashi manya ne irin na zamani, amma babu wadda rana ke taɓawa kai tsaye, domin a gaban kowace an tsayar da allon dutse mai huda-huda, wanda suke kira jali. Iska na wucewa, haske na shigowa a tace, na waje ba ya ganin na ciki. Nan take na tuna yadda muke fama da masu gida a kan tagar da ke kallon gidan maƙwabci.

Na cire takalmi na taka daɓen, sanyi ya ratsa tafin ƙafata, alhali a waje ƙarfen ƙofar mota ba ya taɓuwa. Dutsen Kota ne, wanda ake haƙa a yankin Ramganj Mandi, ruwan toka mai ɗan kore-kore. Tun isowata Indiya nake taka shi a tashoshin jirgin ƙasa ban kula ba. Shi ne dutsen asibitin gwamnati da makaranta, masu kuɗin Indiya ma raina shi suke yi. Ita kuwa ta yanka shi manya-manya, ta matse layukan, ta hana a goge shi har ya yi sheƙi, sai ya fito da wani irin kwarjini. A banɗaki ta bar shi da ɗan kaushi. Na zuba ruwa na taka da gangan, ƙafa ta kama. Tsofaffin da santsin tayil ya kayar wajen alwala a garinmu ba su ƙirguwa. Kantar kicin baƙin giranait ce. Mabul kuwa wuri ɗaya tak na gan shi a duk gidan, a saman teburin cin abinci.

Ban ɓoye mata ba, na ce a wurinmu mutum zai manna siraran duwatsu a fuskar bangon bulo ya ce ya yi gidan dutse, wasu ma siminti ne aka zuba a ma'auni aka shafa masa launi. Ta ce su ma sun cika da irinsu. "Yallaɓai, dutse ba ya kawo sanyi, jinkirta zafi yake yi. In yana da kauri, zafin rana sai dare zai iso ciki, lokacin ka buɗe tagogi. In siriri ne, nauyi kawai ka ƙara wa bango." Ta ƙara da cewa duk fallen da aka manna a bangon bene da siminti kaɗai, ba a ɗaure shi da ƙarfe ba, zafi da sanyi za su yi ta motsa shi har ranar da zai faɗo, sai dai a yi addu'a kada a samu kowa a ƙasa. Ba ta kuma yabi Kota fiye da kima ba. Wani yana ɓarewa sama-sama in ya daɗe, launinsa ba ya zuwa iri ɗaya, kuma gogewarsa bayan an shimfiɗa aiki ne mai ɓata gida da laka. Ɗakunan kwana na sama da esi a cikinsu, ba ta yi ƙaryar cewa dutse ya kore shi ba.

Da daddare na kira Alhaji na zayyana masa duk abin da na gani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Injiniya, baƙi in sun shigo me za su gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, za su ji sanyi." Ya ce sanyi ba ya fitowa a hoto. Ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ne, kuma yawancinmu don idon mutane muke gini. Muka tsaya a kan mabul ɗin Makrana mai ratsi a falon baƙi kaɗai, giranait a kicin da matakala.

Kota kuwa lissafi ne ya hana ni. Falle mai kaurin santimita 2 yana da nauyin kilo 54 a kowane murabba'in mita. Kwantena mai ƙafa 20 ba ta wuce tan 27 ko kusa da haka, wato ba za ta kai murabba'in mita 500 ba in aka cire nauyin akwatunan katako. Daga nan a ja ta zuwa Mundra, jirgin ruwa zuwa Legas, a biya kwastan, a ɗora a tirela ta yi kilomita 1,000 zuwa Kano, ga abin da zai fashe a hanya. Kuɗin ɗaukar dutse mai araha da na mai tsada ɗaya ne. Kota yana da araha ne saboda a gidansu yake, da ya hau teku ya tashi daga dutsen talaka.

Wannan lissafin ne ya hana ni barci, don ya mayar da ni gida. Mu ma fa a kan dutse muke zaune. Daga Dutse ta Jigawa zuwa Kufena ta Zariya, daga Kwatarkwashi zuwa tsaunukan Jos, giranait ne jibge. Akwai mabul a Jakura ta jihar Kogi da Igbeti ta jihar Oyo. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurin kakanninmu: ganuwar Surame ta zamanin Kanta na Kabi da dutse aka yi ta, mutanen Sukur a Adamawa sun shimfiɗa hanyoyi da dutse har hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, ga tsofaffin gidajen dutse na Jos tun zamanin haƙar kuza suna nan tsaye. Amma yau abin da muka fi iya yi da dutsenmu shi ne mu sa masa nakiya, mu niƙe shi ya zama tsakuwa, kamar yadda aka cinye duwatsun Mpape don gina Abuja, sannan mu sayo tayil mai hoton dutse daga waje. Masu yanka shi falle-falle a ƙasarmu 'yan ƙalilan ne, kuma na san dalili. Injin nan da na kalla a Kishangarh wuta yake so wadda ba ta ɗaukewa da ruwa wanda ba ya yankewa. Duk da haka tsakar gida da baranda da dakali ba sa buƙatar wannan injin, magini mai guduma da cizal ya isa. Na ƙudurta tsakar gidan Alhaji da dutsen gida za a shimfiɗa ta.

Kafin in bar Jodhpur na je mahaƙar Fidusar da ke gefen gari, inda fallayen nan ke fitowa. Mutum yana tsaye a kan dutse yana huda shi da injin, ƙura ta lulluɓe shi har gira, ɗan ƙyalle ne kawai a bakinsa. Dutsen yashi kusan dukkansa ƙwayar silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, in ƙurarta ta shiga huhu ba ta fita, tabo take yi har numfashi ya gagara. Cutar silikosis ke nan, ba ta da magani, kuma shekaru da yawa ana ɗaukarta a matsayin tarin tibi ana ba mutane maganin da ba zai yi musu komai ba. A 2019 gwamnatin Rajasthan ta fito da tsari na musamman na biyan diyya da fansho ga waɗanda suka kamu da iyalan waɗanda suka rasu, wannan kaɗai ya isa ya nuna yawan su. Rigakafin ba wani abu mai wuya ba ne, a yanka dutse da ruwa, kada a yanka shi a bushe. Ƙasar Ostareliya ma tun 1 ga Yulin 2024 ta haramta dutsen kantar kicin na haɗi, wanda ake yi da garin silika da gam, saboda yadda ya kwantar da matasan ma'aikata. Shi ne kuma yanzu ake yayi a kicin ɗin manyan gidajenmu. Duk wanda ya taɓa shiga gidan da ake aiki a Kano ya ga yaro durƙushe da giranda yana yanka giranait cikin farin hayaƙi, babu ruwa babu takunkumi.

Jirgin ƙasan da ke zuwa garin Jaisalmer daga Jodhpur yana bi ta Phalodi, garin da a watan Mayun 2016 zafi ya kai digiri 51, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Indiya. Daga nan sai yashi da ƙaya da raƙuma. Jaisalmer kuwa gaba ɗayansa rawaya ne, da la'asar ya koma ruwan zuma. Birnin kan tudu Rawal Jaisal ne ya kafa shi a 1156, kuma har yau dubban mutane na zaune a cikinsa da shagunansu da wuraren ibadarsu. Lungunan matsattsu ne, benaye na yi wa juna inuwa, barandodi sun turo kai an sassaƙe su kamar ba dutse ba. Ko da azahar kana tafiya a inuwa.

Na sauka a wani tsohon gidan 'yan kasuwa da aka mayar masauki. Da rana ɗakin ni'ima ne, har na yi barcin da ban shirya ba. Wajen ƙarfe goma na dare sai labari ya sha bamban. Na ɗora hannu a bango na ji shi da ɗumi, zafin da ya sha tun safe ya iso. Mai masaukin ko a jikinsa, ya ɗauki katifata ya ce in biyo shi. A saman rufi na tarar da kowa, shi da iyalinsa da sauran baƙi, maƙwabta ma kowa a kan nasa, iskar hamada na kaɗawa. Gidan dutse na ƙasar zafi da wurin kwanan waje aka tsara shi. Wanda ya kwafi bangon ya manta da rufin da ake hawa ko tsakar gidan da ake shimfiɗa tabarma, rabin dabarar ya ɗauko.

A ƙauyen Kanoi, kan hanyar tuddan yashi na Sam, akwai makarantar 'yan mata ta Rajkumari Ratnavati da aka buɗe a 2021, wadda Diana Kellogg, mai zanen gine-gine daga Amurka, ta tsara wa yara 400. Siffar ƙwai gare ta, da fili a tsakiya, an gina ta da rawayan dutsen yankin da hannun maginan yankin, ciki yaɓen farar ƙasa, sama jali da faifan sola, ruwan sama kuma ana tara shi. Babu esi ko ɗaya. Sabon gini ne fil, babu sassaƙar fure ko ɗaya a jikinsa, amma ya fi kama da Jaisalmer a kan otal-otal ɗin da ke bakin gari, waɗanda ginshiƙan kankare ne da bulo aka lulluɓe da sassaƙaƙƙen dutse, injin sanyaya ɗaki na ruri a bayansu dare da rana.

Tsohon birnin Jaisalmer kuwa abin da ke cin sa ba rana ba ce. An gina shi ne a lokacin da mata ke hawo da ruwa a tulu, abin da ake zubarwa bai taka kara ya karya ba, kuma da yawa daga duwatsun a bushe aka jera su, babu kwaɓi. Da ruwan famfo ya zo, masaukai da gidajen abinci suka yawaita, sai ruwan wanka da na wanki ya riƙa tsiyaya cikin tudun, ƙasa ta yi laushi, wasu sassan bango suka zube. Na ga inda dutse ya yi baƙi ya fara marmashewa a ƙasan wani banɗaki da aka ƙara daga baya, bututun roba na ɗiga a kansa.

A wata rumfar masu sassaƙa da ke hanyar tasha na ƙarasa yinin ƙarshe. Ta ɗaya gefen wani dattijo ne zaune a ƙasa, ya danne falle da ƙafa, yana huda jali da ɗan cizal, kowace huda sai ya juya fallen ya gyara ta ta baya. Ta ɗaya gefen kuma injin ne mai kwamfuta yana yanka irin zanen nan, ruwa na feshi a bakinsa, yana gama a yini abin da dattijon zai kwashe makonni a kai. Mai rumfar ya ce masu gidajen zamani na injin suke saya, don ya fi araha kuma hudojin duk ɗaya suke. Na hannu sai masu gyaran tsofaffin gidaje. Na tambayi dattijon shekara nawa yaro zai yi kafin ya iya, don ina tunanin ko za a turo wasu daga cikin yarana su koya. Ya ce in yaron na da haƙuri, shimfiɗa da jera bango ba za su ɗauke shi shekara ba, sassaƙa kuwa shi ma har yanzu koyo yake yi. Na ce 'ya'yansa fa? Ya nuna mini saurayin da ke zaune gaban kwamfutar da haɓa, ya ce wancan ne babban.